Ƙidayar Baƙin da Ba a Gani: Yadda Ake Gina Allon Alƙaluman Shafin Intanet

Duk kamfanin da sana'arsa ita ce gina wa mutane shafukan intanet da kula musu da talla ya san wahalar ƙarshen wata. A ce kamfanin yana da abokan ciniki arba'in: wannan makaranta ce, wancan kantin littattafai, ga asibiti, ga otal, ga mai sayar da turare. Kowannensu ya biya kuɗi, saboda haka yana da haƙƙin ya tambaya: mutum nawa ne suka leƙa shafina a wannan wata, daga ina suka zo, me suka duba, kuma nawa ne daga cikinsu suka sayi wani abu? A da, ma'aikaci ne zai zauna ya kwafo alƙaluma ɗaya bayan ɗaya, ya shirya rahoto arba'in, ya aika. Kafin ya gama na ƙarshe, na farko ya tsufa. Wannan ne ya sa kamfanoni suka koma gina wani shafi na musamman wanda kowane abokin ciniki zai shiga da kalmar sirrinsa a duk sa'ad da ya ga dama, ya ga alƙalumansa da idonsa ba tare da jiran kowa ba. Turawa suna kiran irin wannan shafi da sunan allon nan da ke gaban direban mota, mai ɗauke da agogon gudu da na mai. Asalin kalmar ma ya girmi mota, domin suna ne na katakon da ake kafawa a gaban keken doki don ya tare taɓon da kofato ke watsowa. Mu a nan za mu kira shi allon alƙaluma.

Haɗa allon bai da wuya a yau, domin kayan aikin suna nan, wasu ma kyauta ne. Inda gizo ke saƙa shi ne, a da ma'aikacin da ya kawo rahoto yana nan a tsaye, ana tambayarsa yana bayani. Yanzu kuwa shugaban makaranta ne shi kaɗai da lamba a gabansa, kuma a kan wannan lamba zai yanke shawarar ƙara kuɗin talla ko soke kwangila. Lambar kuwa, kamar yadda za mu gani, kintace ne da aka yi daga sawun baƙi, domin babu wanda ya ga baƙin da kansu.

Sawu a bakin tafki

Mai nazarin dabbobin dawa ba safai yakan ga kura ko damisa ba. Abin da yake samu shi ne sawu a bakin tafki, da kashi, da gashin da ya maƙale a ƙaya, kuma daga waɗannan yake kintatar yawansu. Haka abin yake ga shafin intanet. Kowane shafi yana zaune ne a cikin wata kwamfuta da ake kira uwar garke, kuma duk lokacin da wata na'ura ta nemi wani abu daga gare ta, sai ta rubuta layi guda a littafinta na shige da fice: lambar adireshin na'urar da ta yi tambaya, da rana da sa'a, da abin da aka nema, da lambar sakamako. Lamba 200 na nufin an samu, 404 kuwa na nufin babu. Manhajojin farko na wannan fanni karanta wannan littafi kawai suke yi. Akwai Analog, wadda Stephen Turner ya rubuta a Ingila a 1995, da Webalizer ta 1997, da AWStats ta 2000.

Matsalar wannan littafi ta fito fili tun da wuri. Shafi guda mai hotuna tara yakan bar layi goma, sai masu shafuka suka riƙa alfahari da dubban layuka alhali baƙin ba su taka kara sun karya ba. Sa'an nan lambar adireshi ba ta nuna mutum guda. Kamfanonin wayar salula sukan ɗora masu wayoyi da yawa a kan adireshi ɗaya, kuma wayar mutum guda tana iya sauya adireshi tsakanin safe da yamma. Manhajar Opera Mini, wadda ta yi farin jini ƙwarai a Nijeriya saboda tsimin data, takan bi da shafi ta kwamfutocin kamfaninta ta matse shi kafin ya iso waya, ta yadda adireshin da ya bayyana a littafi yana iya zama na wata ƙasa daban. Bugu da ƙari, ba duk mai tambaya ba ne ɗan Adam. Akwai manhajoji masu sintiri da kansu, irin na Google mai tattaro shafuka, da wasu masu neman kafar ɓarna. Kamfanin tsaro na Imperva ya ƙiyasta cewa kusan rabin zirga-zirgar intanet ta shekarar 2023 irin waɗannan ne suka yi ta.

Zobe a ƙafar tsuntsu

A 1899 wani malamin makaranta a ƙasar Danmak, Hans Christian Mortensen, ya fara sanya wa tsuntsaye zoben ƙarfe mai lamba a ƙafa, domin idan aka sake kama tsuntsu a san shi ne na bara. Shekara casa'in da biyar bayan haka, a 1994, Lou Montulli na kamfanin Netscape ya ƙirƙiro wa intanet irin wannan zobe. Ana kiransa kuki, kuma ɗan guntun rubutu ne da shafi ke ajiyewa a cikin manhajar da baƙo ya shigo da ita, mai ɗauke da wata lamba. Idan baƙon ya dawo, manhajar takan nuna lambar, sai a gane shi. Da aka haɗa wannan da harshen JavaScript, wanda ya fito a 1995, sai aka sami sabuwar hanya: a dasa 'yan layukan umarni a kowane shafi, waɗanda za su aika saƙo zuwa wurin ƙidaya duk sa'ad da aka buɗe shafin. Wani kamfani na birnin San Diyego mai suna Urchin ya yi fice a wannan aiki. Google ya saye shi a 2005, kuma a watan Nuwamba na wannan shekara ya fito da Google Analytics kyauta.

A nan ilmin halittu yana da abin faɗa. Ɗalibanmu sun san hanyar ƙidaya mai ɗauke da sunan Petersen, masanin kifi ɗan Danmak, da Lincoln, wanda ya yi amfani da ita a kan agwagin ruwa a Amurka a 1930. Ka kama kifi 100 a tafki, ka yi musu alama, ka sake su. Bayan kwanaki ka kama 80, ka tarar 20 suna da alama. Tun da kashi ɗaya cikin huɗu na kamun biyu ne masu alama, ke nan kifi 100 ɗin nan su ne kashi ɗaya cikin huɗu na tafkin, wato akwai kimanin 400. Amma lissafin yana tsaye ne a kan sharaɗi: kada alamar ta goge. Idan rabin alamomin sun goge, 10 kawai za ka gani a maimakon 20, sai ka ce kifi 800 ne, alhali tafkin bai ƙaru da ko ɗaya ba.

Kuki kuwa alama ce mai saurin gogewa. Mutane sukan share ta, wasu sukan shiga ta hanyar sirri wadda ba ta ajiye komai, wasu sun sanya manhajar toshe talla wadda ke hana saƙon ƙidaya fita gaba ɗaya. Kamfanin Apple ya fara taƙaita bin sawu a manhajarsa ta Safari a 2017, kuma a 2019 ya sa kukin da JavaScript ya rubuta ya riƙa mutuwa bayan kwana bakwai. Mai iPhone da ke leƙa shafin makaranta sau ɗaya kowane mako biyu, sabon baƙo ne a idon allo duk zuwan da ya yi. Mutum guda mai waya da kwamfutar ofis mutum biyu ne. Iyali biyar masu amfani da waya guda kuwa mutum ɗaya ne. Kurakuran nan suna ja ta ɓangarori daban-daban, kuma babu dalilin zaton cewa suna soke juna. Saboda haka, a ganina, rubuta kalmar "mutane" a saman wannan lamba rashin gaskiya ne, ko da ba da gangan aka yi ba. Abin da ya dace a rubuta shi ne "na'urorin da aka gane," a kuma sa ɗan bayani na layi biyu a ƙasa.

Inda za a ajiye alƙaluman

Allo yana da hawa uku: wurin tattarawa, da rumbun ajiya, da fuskar da abokin ciniki ke gani. Hanya mafi sauƙi ita ce a bar wa Google duka ukun. Ana tattarawa da Google Analytics, sa'an nan a zana allon da manhajar da ya fito da ita a 2016 da sunan Data Studio, wadda ya sauya wa suna zuwa Looker Studio a 2022. A zana samfuri guda, a kwafa wa kowane abokin ciniki nasa. Wata hanyar ita ce Matomo, wadda Matthieu Aubry ya fara a 2007 da sunan Piwik, aka sauya mata suna a 2018. Ita ana iya girka ta a uwar garken kamfani, kuma girki guda yana ɗaukar shafuka da yawa, kowane mai shiga da iyakar abin da aka ba shi izinin gani. Nauyin kula da ita da tsaronta yana wuyan kamfanin.

Waɗanda suka jingina da bangon Google kacokan sun ji a jikinsu sau biyu a cikin shekara guda. A watan Nuwamba na 2022, allunan Looker Studio da yawa suka fara nuna saƙon kuskure a gurbin zane, domin an soma aiwatar da iyaka a kan yawan tambayoyin da allo zai iya aika wa Google Analytics a cikin sa'a guda. Allo mai zane ashirin yakan aika tambayoyi da dama duk lokacin da aka buɗe shi ko aka sauya kwanan wata, sai rabon ya ƙare nan da nan. Na biyu ya fi wannan girma. A ranar 1 ga Yuli, 2023, tsohon tsarin da ake kira Universal Analytics ya daina karɓar sababbin bayanai, aka koma tsari na huɗu, wato GA4, wanda ya fito a 2020. Ba a iya kwashe tsofaffin alƙaluma zuwa sabon tsari, kuma a Yulin 2024 aka rufe ƙofar tsohon baki ɗaya. Duk wanda bai kwafi tarihinsa ba kafin nan, ya rasa shi.

Abin da ya fi ba ni sha'awa a wannan sauyi shi ne yadda ma'anar kalmomi ta canza a ƙarƙashin ƙafar masu karatu. A tsohon tsari, idan baƙo ya buɗe shafi guda ya tafi bai taɓa komai ba, ana lissafa shi cikin waɗanda suka juya daga bakin ƙofa, ko da ya yi minti goma yana karatu. A sabon tsari, wanda ya wuce daƙiƙa goma, ko ya buɗe shafi biyu, ko ya aikata wani abin da aka ware a matsayin muhimmi, ya fita daga wannan rukuni. Sunan lambar bai sauya ba, amma abin da take aunawa ya sauya. Mai otal da ya ga lambarsa ta faɗo a tsakiyar 2023 zai iya zaton shafinsa ne ya gyaru. Mai binciken da ya sauya tarko a tsakiyar damina dole ne ya ja layi a littafinsa ya rubuta ranar, haka nan allon kirki ya kamata ya ja layi a kan zane a ranar da aka sauya ma'auni.

Darasin da kamfanoni da dama suka ɗauka shi ne su mallaki rumbun da ke tsakiya. Kowane dare wata 'yar manhaja takan kwaso alƙaluman jiya na kowane shafi ta zuba a rumbun bayanan kamfani, allon kuma ya riƙa karantawa daga nan. GA4 yana ba da damar fitar da ɗanyen bayani zuwa rumbun BigQuery, da iyakar aukuwa miliyan ɗaya a rana ga masu amfani da na kyauta. Wannan yana da muhimmanci domin a tsarin kyauta, bayanan daki-daki da ake zurfafa bincike da su ba sa wuce wata 14. Sai dai a kula, alƙaluman jiya sukan ci gaba da sauyawa har tsawon sa'a 24 zuwa 48, don haka a riƙa sake kwaso na kwanaki biyu ko uku da suka wuce, a kuma rubuta wa mai kallo cewa ba su gama nuna ba.

Katanga tsakanin maƙwabta

Rumbu guda mai ɗauke da sirrin kamfanoni arba'in yana da haɗarinsa. A ce biyu daga cikin abokan cinikin otal-otal ne a gari ɗaya. Idan adireshin allon na farko ya ƙare da lamba 17, ba a buƙatar wani gwanin kutse kafin a gwada rubuta 18. Kada mai karatu ya ɗauka wannan tatsuniya ce. A watan Mayu na 2019 aka gano cewa shafin kamfanin inshora na First American a Amurka ya bar takardu kimanin miliyan 885 a buɗe, ciki har da bayanan asusun banki, kuma abin da ake buƙata kawai shi ne sauya lamba guda a adireshi. Ƙungiyar OWASP, mai fitar da jerin manyan raunuka goma na shafukan intanet, ta sa raunin tantance izini a matsayi na farko a jerinta na 2021.

Kuskuren da aka fi yi shi ne a gina katangar a fuskar allo kawai, wato a ɓoye maɓallin da zai kai ga bayanan wani, alhali rumbun yana amsa wa duk wanda ya tambaya. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Katangar tana bukatar ta kasance a cikin rumbun kansa: kowane layi na ɗauke da lambar mai shi, kuma rumbun ya ƙi fito da layin da ba na mai tambaya ba, ko da manhajar allo ta yi kuskure. Rumbun PostgreSQL ya sami wannan dama tun fitowarsa ta 9.5 a 2016. Kuma kowane mutum da kalmar sirrinsa. Kalmar sirri guda ga ofis duka na nufin ma'aikacin da ya bar aiki ya tafi da mabuɗi.

Abin da ya cancanci hawa allo

Mai ginin allo yakan so ya nuna duk abin da ya iya, sai ya cika fuska da zane talatin. Shugaban makaranta kuwa tambaya biyu ko uku gare shi: iyaye nawa ne suka buɗe shafin neman gurbi, nawa ne suka cike takardar, kuma ta wace hanya suka zo. A zauna da shi tukuna a ji tambayoyinsa, su ne za su hau sama, sauran a tura ciki.

Tambayar hanyar zuwa tana da nata tarko. Idan aka tura adireshin shafi ta WhatsApp, sau da yawa babu shaidar inda baƙon ya fito, sai a jefa shi cikin rukunin waɗanda suka zo kai tsaye, tamkar ya rubuta adireshin da hannunsa. Ga ɗan kasuwar da yawancin cinikinsa ta zaurukan WhatsApp yake zuwa, allon zai nuna masa cewa hanyar da ta fi kawo masa kuɗi ba ta kawo komai. Maganin shi ne a liƙa wa adireshin 'yar wutsiya mai faɗin inda aka raba shi. Haruffan utm da mai karatu ke gani a ƙarshen wasu adireshi su ne wannan wutsiya, kuma harafin farko gadon sunan Urchin ne.

Akwai kuma lambobin da ba a tara su. Idan na'ura 100 sun zo Litinin, 100 sun zo Talata, jimillar kwana biyun tana tsakanin 100 da 200, gwargwadon yawan waɗanda suka maimaita. Allon da ke ajiye jimillar kowace rana sa'an nan ya tara su don ba da ta wata zai kumbura lambar. Shi kansa Google ba ya ƙirga su ɗaya ɗaya. Yana amfani da wani gyararren nau'i na dabarar HyperLogLog, wadda Philippe Flajolet da abokan aikinsa suka wallafa a Faransa a 2007, mai iya kintatar abubuwa sama da biliyan da kuskuren kimanin kashi 2 cikin ɗari, da ma'ajiyar da ba ta kai kilobait biyu ba. Wannan na daga cikin dalilan da ke sa lambar allon kamfani da ta Google su ɗan saɓa, kuma gara a gaya wa abokin ciniki haka tun kafin ya gano da kansa. Wani dalilin shi ne agogo: idan rumbu yana yanke rana da agogon Girinwic, shafin kuma an saita shi da agogon Legas, baƙin da suka zo tsakanin sha biyun dare da ƙarfe ɗaya za su faɗa ranaku daban-daban.

Sai batun ƙananan lambobi, wanda nake ganin ya fi kowanne jawo husuma a banza. A ɗakin gwaji ana koya wa ɗalibi ya ƙirga farantin da ke da curin ƙwayoyin cuta tsakanin 30 da 300, domin ƙasa da 30 sa'a ce ke mulki. Ƙa'idar ita ce, abin da ke aukuwa jefi-jefi yakan yi lilo da kimanin tushen murabba'in yawansa. Idan a bisa al'ada mutum 25 ne ke cike takarda a mako, lilon 5 sama ko ƙasa abu ne na kullum, wato kashi 20 cikin ɗari. Idan 10,000 ne, lilon 100 ne, kashi 1 kacal. Amma allunan da aka saba gani sukan zana jar kibiya mai nuni ƙasa da zarar 25 ta koma 21, sai mai kanti ya kira kamfani a fusace. Ya fi kyau a nuna ainihin lambar tare da ta makonni da yawa a jere, a hana kibiya fitowa idan lambar ta gaza wani mizani, a kuma kwatanta wata da takwaransa na bara, tun da makaranta tana da lokacin ɗaukar ɗalibai, mai turare kuma yana da jajibirin salla.

Doka ma tana da ido a kan wannan aiki. Dokar kare bayanan jama'a ta Tarayyar Turai ta fara aiki ranar 25 ga Mayu, 2018. A 2022 hukumomin Ostiriya da Faransa da Italiya suka yanke cewa yadda wasu shafuka ke amfani da Google Analytics ya saɓa mata, saboda tura bayanai zuwa Amurka, kafin a ƙulla sabuwar yarjejeniya tsakanin ɓangarorin biyu a Yulin 2023. Nijeriya ta sami tata dokar a Yunin 2023, tare da hukumar da ke aiwatar da ita. A ƙarƙashin dokokin biyu, an bambanta tsakanin mai iko da bayanai, wanda galibi shi ne mai shafin, da mai sarrafa su a madadinsa, wato kamfanin, kuma ana buƙatar rubutacciyar yarjejeniya a tsakaninsu. Ƙa'idojin Google sun hana a aika masa da suna ko adireshin imel na baƙo, amma irin waɗannan sukan sulale ta cikin adireshin shafi bayan an cike takarda, don haka a tace su tun a wurin tattarawa. Ga shafin asibiti, sunan shafin da mutum ya buɗe ma kaɗai yana iya tona ciwonsa. A cikin yarjejeniyar ne kuma ya kamata a rubuta cewa asusun ƙidaya da sunan abokin ciniki za a buɗe shi, kamfanin kuwa baƙo ne mai izini, kuma ranar da aka rabu za a miƙa masa kwafin alƙalumansa, a goge sauran daga rumbu cikin wa'adin da aka ƙayyade.